Tuwon 'Yar Fari

Shekara goma sha tara Wasila ba ta taɓa kiran sunan Rahama ba. Ba wani abu ne ya haɗa su ba, 'yar fari ce. Haka ta taso ta gani a gidansu: ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka zama tabarma ɗaya da shi, ko tari ka ji yana yi sai ka kalli bango. In ta kama dole sai ta ce "'yar Inna". In abin gaggawa ne ta ce "ke", duk wadda ta waiwayo a tsakar gidan ita ta jawo wa kanta aike.

Inna, uwar mijinta Malam Lawal, ita ta ɗauke yarinyar ranar yaye ta mai da ita ɗakinta. Kwano ɗaya suke ci, wata tsohuwar langa mai murfi da fentin gefenta ya ɓare. Inna kuwa ba ta san wani abu wai shi an ƙoshi ba. Rahama ta tashi da kumatu kamar ta ɓoye ƙosai biyu a baki, Inna na yawo da ita gidajen suna tana cewa duk ƙauyukan gefen Makarfi a kawo jikar da ta kai tata cika ido.

Bara Inna ta rasu. Aka yi bakwai, aka yi arba'in, langar ta koma ƙarƙashin gado. Rahama ta ci gaba da zama a ɗakin ita kaɗai, kullum da safe ta hau mota zuwa makarantarsu a cikin gari, ta dawo bayan la'asar. Tuwonta kuma sai ya zama na aike. Wasila ta kwashe, ta zuba miya, ta rufe, ta dire a bakin ƙofa, ta yi gyaran murya, ta wuce. Kwano ya dawo a wanke tas. To me kuma uwa za ta tambaya?

Bayan ƙaramar salla Rahama ta ce tana ramuwar azumi. Ta gama ta shiga sitta shawwal. Ta gama ta kama Litinin da Alhamis, kamar yadda Wasila ke yi tun kafin a haife ta. Daga nan sai ya koma yau azumi gobe hutu, daga baya hutun ma aka neme shi aka rasa. Matan unguwa suka sami abin dukan 'ya'yansu da shi. Ku dubi 'yar gidan Malam Lawal, ku kuna nan kuna danna waya kuna cin awara. Wasila in ta ji sai ta kau da kai ta ce ai tarbiyyar Inna ce, amma a ranta daɗi take ji kamar ta taka rawa.

Ta ga abubuwa, ba wai ba ta gani ba. Ta ga rigar sanyi a jikin yarinyar ana tsakiyar zafin bazara. Ta ga gashi a bakin rariya duk ranar da ta yi tsifa. Ta lura wata huɗu cur yarinyar ba ta yi fashin salla ko sau ɗaya ba, abin da ba ya yiwuwa ga mace mai shekarunta. Wannan ya tsaya mata a wuya, amma ta ina za ta fara? Ta kuma ga jar akuyarta ta yi wani irin sheƙi, gadon bayanta har rawa yake, ta ce ikon Allah, bana ganyen rake ya karɓi dabbar nan.

Ranar da Rahama ta faɗi, kaka ta yi, ana ta sarar rake. Guga ɗaya ta jawo daga rijiya, ta tafi luuu, ta zube a gefen turmi. Wasila ta zo a guje. Da ta ɗago ta sai ta ji kamar damin kara ta ɗauka. Rabon da ta riƙe jikin nan tun yana goye a bayanta.

Sai aka shiga zarya. Aka yi maganin zazzaɓin sauro, aka yi na taifot, aka yi ƙarin ruwa leda uku. Wata tsohuwa ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwa. Wani ya ce a duba ta wajen mutanen ɓoye, aka kawo rubutu cikin galan. Malam Lawal ya bar wajen dafa mazarƙwailarsa a hannun abokan aiki yana bin layin asibiti, har ya fara barci a tsaye. A ƙarshe wani likita ya kalli takardun gwaji, ya kalli yarinyar, ya ce jininta ba cutar da suke nema, yunwa ce. Malam Lawal ya ji kamar an mare shi a kasuwa, don rumbunsa biyu cike suke. Likitan ya ce ba haka yake nufi ba, su dawo ranar Laraba su ga Malama Mukarrama, likitar abinci.

Laraba ranar kasuwa ce, mota ba wahala. Bilki ƙanwar Malam ta taso daga Hunkuyi ta raka su, don ita ce mai bakin gidan. Tun a mota take zolaya, wai yanzu har tuwo ya sami likita, saura na miyar kuka. Wasila ta juya tana kallon hanya. Ta gaji da likitoci, ta gaji da benci, ta gaji da amsa ya mai jiki.

Ofishin ɗan ƙarami ne, ba allura, ba warin magani. Tebur ɗaya, sikeli a ƙasa, sai ludayi da kofuna da 'yan kwanoni a jere kamar kayan ɗakin amarya marar gata. Malama Mukarrama gajera ce, ba ta kai Wasila shekaru ba, idanunta irin na wadda ta ga mutum talatin kafin azahar. Ta gaishe su har da tambayar amfanin gona. Ta ɗora Rahama a sikeli, amma ta juya mata baya ta yadda ba za ta ga lambar ba. Sannan ta fitar da su, ta zauna da ita su biyu kusan awa guda.

Da ta kira su, Rahama na waje a benci. Ta dubi Wasila.

"Mama, jiya me ta ci?"

Wasila ta ce tuwon masara ne miyar kuɓewa.

"Shi kika dafa. Ita me ta ci?"

"Kwanon dai ya dawo a wanke."

"Da wa take ci?"

Bilki ta karɓe, ta ce ai Malama 'yar fari ce, matar yayan nan nata ko inuwar yarinyar ba ta takawa. Malama ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin gishiri. Ta ce Rahama ta yarda a faɗa musu, don haka za ta faɗa: tuwon nan wata takwas akuya ke cinye shi ta tagar baya.

Bilki ta fara dariya, ta ga ba mai taya ta, ta haɗiye.

A nan Wasila ta ji yadda abin ya faro. Bikin wata ƙawar su Rahama aka yi, aka fitar da anko. Tela ya auna kowa, da ya zo kan Rahama ya ce ita sai an ƙaro yadi, ko a kawo labulen ɗaki. Aka yi dariya, wata ta ɗauka a waya, aka yi ta turawa. A da in an tsokane ta gida take dawowa Inna ta zage mutum har kakansa, ta tura mata loma. Wannan karon ta dawo ta tarar da kwano a bakin ƙofa. Ta fara rage loma, ta ji wani sanyi a ranta, kamar ta sami abu ɗaya a duniya da yake hannunta. Azumi kuma ya ba ta mafaka, don ba mai ce wa mai azumi zo ka ci. Yanzu ko tana so ba ta iyawa. In ta ga abinci gabanta faɗuwa yake kamar ta ga maciji a ɗaki.

Malama ta ce wannan ciwo ne, ba iskanci ba ne, ba kuma waliyyantaka ba. Yana kisa. Bugun zuciyar yarinyar ya yi ƙasa. Ta ce akwai likitan damuwa a Zariya da za ta haɗa su da shi, don ita nata ɓangaren kwano ne. Ta ɗauko ludayi ta nuna. Sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan, don cikin da ya daɗe a rufe in aka ɗura masa da yawa lokaci ɗaya wata matsalar ce. Kunun gyaɗa da hantsi, fura da nono, ƙwai ɗaya, ɗan wake, tuwo rabin malmala. Duk abin da ke gidan ne, ba na kanti ba. Azumin nafila a ajiye shi tukuna, in suna shakka Malam ya tambayi liman. Sai babban sharaɗi: kada ta ci ita kaɗai. Babban mutum ya zauna, ya sa hannu a kwanon, ya ci tare da ita. Ba faɗa, ba roƙo, ba zancen ta rame ko ta murmure. In an gama a ƙara zama rabin awa.

Ta ce za ta ba su Laraba biyu. In sikeli ya ci gaba da sauka, gado za a ba ta a babban asibiti a Zariya, a sa mata roba ta hanci, karatun bana kuma sai dai wata shekarar.

Bilki ta bugi ƙirji ta ce ita za ta zauna. Wasila ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka.

Liman ya ce wa Malam Lawal azumin da zai kassara jiki ba lada a cikinsa. Malam ya dawo da ƙarfinsa, da tsire a takarda da mazarƙwaila faifai guda, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce a cinye kafin ya dawo daga masallaci. Rahama ta kalli tarin, ta fara rawar sanyi. Bilki kuma bakinta ba linzami. Loma ɗaya, magana uku. Ci mana 'yar nan, ji wuyanki kamar mariƙin lema, wa zai kwashi ƙashi? Da kyakkyawar niyya take yi, irin wasan goggo da 'yar wa, amma kowace kalma sai ta rufe cikin yarinyar kamar an ɗaure buhu. Bayan kwana huɗu aka yi mata waya daga Hunkuyi, barkononta na shanya ba mai kula, ga ƙaraminta ba lafiya. Ta yafa gyale ta tafi.

Wasila ta koma dabara. Ta ɗaure akuya a can bayan rumbu. Ta toshe tagar baya da buhu. Ta dire kwano a ƙofa, ta koma madafa ta tsugunna inda za ta hango ta kafar zana. Kwano ya shiga, kwano ya fito. Ba ta san ina tuwon ke zuwa ba, amma kajin gidan sun fara raina tsaki.

Laraba ta zagayo. Malama ta kalli sikeli, ta rubuta, ta jira Rahama ta fita. Sikeli ya sauka. Ta tambaya wa ke zama da ita tun tafiyar goggon. Wasila ta yi bayanin akuya da taga da kafar zana, tana yi tana jin yadda zancen ke zubewa tun kafin ya isa tebur.

Malama ta murza idonta da bayan hannu.

"Mama, ni ban ce ki kira sunanta ba. Ki riƙe kunyarki, ba ruwana da ita. Zama na ce ki yi."

"Malama, a wajenmu ba a yi."

"Na sani. A wajenmu ma haka ne." Ta rufe katin. "Ke yaushe rabon da ki zauna ki ci abinci?"

Wasila ta lissafa a ranta. Ita ai ba ta zama. In ta kwashe wa Malam, ta kwashe wa yara, sai ta kankare ƙanzo a tsaye gefen murhu, ta kora da ruwa. Litinin da Alhamis kuma an huta da wannan ma. Malama ta ce da ta hana Rahama azumi, amsar da ta ba ta ita ce, ai Umma ma ba ta ci, kuma ba wanda ya kai ta asibiti.

Suka hau motar komawa gida. An cusa su baya tare da daurin rake da wata mata mai kaji. Duk ramin da aka faɗa kafaɗar Rahama sai ta bugi tata, ƙashi zalla, kamar gefen ƙyaure.

Washegari Alhamis, Wasila ta tashi da azuminta kamar kullum. Yara suka tafi makaranta, Malam ya tafi wajen rake. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta wanke tukunyar da take a wanke. Da hantsi ya ɗaga ta dama kunun gyaɗa, ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon ƙofar ɗakin Inna. Taku goma sha biyu ne daga murhu. Ta san matan da suka je Makka da ƙasa da wannan fargabar.

Ta yi gyaran murya a ƙofa kamar yadda ta saba, sai kuma ta ɗaga labule ta shiga. Rahama na kwance cikin rigar sanyi, ta yunƙura za ta tashi ta ba ta ɗakin. Wasila ta durƙusa ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo langar Inna, ta fita ta ɗauraye ta, ta juye kunun a ciki, ta dawo da ludayi biyu. Ta zauna a tabarma, ta ba yarinyar gefe, fuskarta na kallon ƙofa.

"Sauko."

Rahama ta sauko. Ta zauna can ƙarshen tabarma, ita ma tana kallon wani bangon. In wani ya leƙo sai ya rantse baƙi biyu ne ke jiran mota.

"Umma, yau Alhamis."

"Na sani."

"Kina azumi."

"Na rama wata rana."

Ta yi bismilla ta kai ludayi baki. Shekara ashirin da wani abu ba ta san ɗanɗanon hantsin Alhamis ba. Kunun ya yi zafi, kuma ta cika tsamiya. Ta haɗiye, ta sake ɗiba. Maganganu suka taru mata a baki, sha mana, dubi yadda kika koma, me na yi miki. Ta tuna Bilki, ta bi su da kunu.

Ludayi na biyu ya daɗe a kwance. Wasila ba ta kalla ba, amma kunnenta na kansa. Can ta ji ya taɓa gefen langa. Ta ji numfashin yarinyar ya canza, kamar mai shirin tsallaka rafi. Ta ji haɗiya.

Ana cikin haka maƙwabciyarsu Jamila ta yi sallama, aron rariya ta zo. Ba ta ga kowa a madafa ba ta ɗaga labule. Ta ga Wasila, ta ga 'yar fari, ta ga langa ɗaya a tsakani, ranar Alhamis. Ta tsaya da baki a buɗe.

"Au, Wasila, yau kuma kunyar an kai ta wanki ne?"

Wasila ta ji fuskarta kamar an watsa mata garwashi. Ta san kafin la'asar labarin ya kai bakin rijiya, kafin Juma'a ya kai Hunkuyi. Ƙafafunta suka ce tashi. Ta lura ludayin Rahama ya tsaya a iska, yana jiran ya ga abin da za ta yi.

"Rariya na rataye a madafa," ta ce. "Ki sakar mana labule."

Ludayi biyar Rahama ta sha. Malama goma ta ce. Wasila ta shanye sauran don kada a bar shaida, suka zauna rabin awar nan, agogon waya na tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi. Rahama ta yi kuka kaɗan, marar sauti. Wasila ta ci gaba da kallon ƙofa, amma ba ta tashi ba.

Da azahar aka sake. Da la'asar aka sake. Ran Asabar yarinyar ta ture kwanon fura ya zube, ta ce an cika nono da gangan don a kumbura ta. Wasila ta goge tabarma, ta dama wata, ta dawo ta zauna. Ran Lahadi ƙwai ɗaya ya ci musu awa guda. Ga surfe, ga wanki, ga abincin masu aikin rake, ga zama sau biyar. Wasila ta gano ashe zama ya fi daka gajiyarwa. Litinin ta zo ta wuce ba azumi, ta ji kamar ta fita unguwa ba mayafi.

Laraba suka koma, su biyu kawai. Rahama ta hau sikeli ta ba lambar baya. Malama ta duƙa ta duba, ta sake dubawa, ta rubuta. Bai hau ba. Bai kuma sauka ba.

Ta ce wannan makon ba zancen gado. Ta ce kada su ɗauka an gama, abin nan watanni ne, wani makon zai hau, wani ya zame, kuma ranar Litinin likitan Zariya na jiran su. Ta ƙara rabin ludayi a kan kunu, ta ce a sa ɗan man gyaɗa a wake. Sannan ta dubi Wasila ta ce ita ma ta ga fuskarta ta ɗan ciko. Wasila ta ce sau biyar fa ake ɗura mata, ko saniyar kiwo sai haka. Rahama ta yi wani ɗan sauti ta hanci, ba za a kira shi dariya ba, amma danginta ne.

Da suka iso gida rana ta karkata, lokacin fura ya yi. Wasila ta cire mayafi, ƙafafunta na zugi, ta ɗauko langa ta ɗauraye. Jar akuya na bayan rumbu tana ta kuka, ƙashin ƙugunta ya fara fitowa. Wasila ta watsa mata ganyen rake, ta ɗauki ludayi biyu ta nufi ɗakin Inna.